Sai-An-Kashe, Ƙanena

Ni na koya wa ƙanena hawa ƙarfen sabis. Ni na ɗaura masa bel ɗin farko. Shekara shida bayan nan kamfani ya ba shi shugabancin ayarinmu, ni kuwa ina nan inda nake da sifana a hannu. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sai-An-Kashe muke ce masa, don ba ya gifta gaban eriya sai ya buga waya ofis an kashe ta, ya kuma duba 'yar na'urar da ke maƙale a ƙirjinsa, mai ƙara idan ƙarfin sigina ya wuce kima. Wa'azinsa kullum ɗaya ne: abin ba ya ganuwa, ba ya wari, daga ciki yake gasa mutum. Inna kan ce ko dutsen guga ba ya ɗagawa sai ya zare waya, tana faɗa tana kallona kamar ni na taɓa ƙona mata ɗaki. Tawa na'urar a mota take wuni.

Wata Talata da rana muka je gyara a wani ƙarfe da muke tarayya da wani kamfani. An kashe tamu eriyar, amma tasu na aiki, kuma ta gabanta hanyar hawa take. Ƙanena ya ce mu jira su amsa waya. Na ce a gaban kowa, mai tsoro ya zauna a ƙasa ya riƙe mana takalma. Na hau.

Igiyata ta sarƙe daidai fuskar eriyar. Ina ta kokawa da ita, sai na ji ɗumi na ratsa ni, ba irin na rana ba, kaina ya fara sarawa, hannuna ya mutu. Ya biyo ni, na'urarsa na ihu.

"Yaya, kada ka saki komai," ya ce.

Ya sauka ya ɓalle kwaɗon akwatin wancan kamfanin, ya kashe musu wuta ba izinin kowa. Unguwa guda ta rasa sabis, ni kuwa na sauko da ƙafafuna.

Da aka kira shi ofis, cewa ya yi shi ya ba ni umarnin hawa. Ina zaune a wurin, ban yi ko tari ba. Aka sauke shi daga shugabanci, aka duba wanda ya fi daɗewa a aiki, aka ba ni.

Yanzu ni ne shugaba. Idan na ce a hau, sai in ga duk ayarin sun juya suna kallonsa, ba mai taka ƙarfe sai ya gyaɗa kai. Jiya ma ya zo ya gyara mini zaman na'ura a ƙirji. Kujerar ta zo hannuna, amma har yau kishinsa nake yi.