Dabinon Alhamis na Mama Anush

Shekara biyar ke nan da rasuwar Mama Anush, amma har yau in Alhamis ta zo sai na je shagon wani ɗan Nijar a unguwar Tompkinsville na sayi dabino. Shi ma ya daina tambayata, da ya hango ni sai ya jawo leda.

Aikin kula da tsofaffi ne ya haɗa mu. An tura ni gidanta a Stapleton, aka ce 'yar Iran ce. Ni kuwa 'yar Zangon Kumasi, a sanina duk wanda ya fito daga Iran Musulmi ne, sai na shiga da sallamata. Ta amsa tsaf, fiye da yaranmu na nan, ga kuma gicciye a wuyanta. Da ta ga na saki baki ta yi dariya har da tari. Ashe Kirista ce, Ba'armeniya, kuma tun kaka da kakanni suke zaune a Isfahan.

Tsohuwar akwai rigima. Shayi in ba a ƙaramin kofin gilashi ba, sai dai ki shanye abinki. Amma in ta ɗauko labarin garinsu sai ta yi laushi. Mai sayar musu da yadi Bayahude ne, mai gasa burodi da Turkanci yake faɗa da yaransa, likitansu kuma tsohon addinin Farisa yake bi. Ba ta ɓoye mini ɗacin ba, ta ce akwai gidajen da ba a shan ruwa a kofin da ta sha. Gidan su Zahara ba ya cikinsu.

Zahara ƙawarta ce tun yarinta, Musulma 'yar Shi'a, kuma ta rasu bayan Mama ta baro ƙasar. A can, in ji Mama, ranar Alhamis ake raba dabino sadaka ga mamaci, duk wanda ya ɗauka ya karanta masa Fatiha. Makona na farko ta danƙa mini leda.

"Rabi, ke kina da Fatiha, ni ba ni da ita. Kai wa mutanenki su karanta wa Zahara."

Haka na yi ta kaiwa masallacinmu, matan Gana da na Nijar suna yi wa matar da ba su taɓa gani ba addu'a. In na dawo sai ta tsare ni da tambaya, ko an cinye, ko an faɗi sunan daidai.

Ranar da Mama ta cika, na buɗe baki zan faɗi abin da muke faɗa wa mamaci, sai na tsaya. Na tambayi malaminmu, ya ce gaskiya wannan addu'ar tsakanin Musulmi ce, amma babu mai hana ni riƙe alherinta. Ban ja da shi ba. Sai dai abin ya tsaya mini a rai: matar da ta yi shekaru tana nema wa ƙawarta addu'a, ita ba mai nema mata. Ɗanta yana can California, rabonsa da coci tun yana yaro.

Yanzu da ake ta maganar hana 'yan ƙasarsu shigowa, kuma talabijin ba ta nuna kowa daga can sai masu rawani, nakan ce da tana nan da ta ja tsaki ta lissafo musu mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ina kewar tsakin nan.

Bana na gaji da ajiye abin a ciki. Na sayi leda biyu, ɗaya ta Zahara kamar kullum. Ranar Lahadi na hau jirgin ruwa zuwa Manhattan, na yi ta tambaya har na samu cocin Armeniyawa. Na tsaya a ƙofa da hijabina. Wani dattijo ya fito ya tambaye ni ko ɓata na yi. Na miƙa masa ledar, na faɗi sunanta da garinsu.

"Baba, ku yi mata addu'a irin taku."

Ya karɓa da hannu biyu, ya koma ciki ya bar ƙofar a ɗan buɗe. Na zauna a kan matakala har aka tashi. Ban fahimci ko kalma ɗaya cikin abin da suka karanta ba, amma na ji an faɗi sunanta, kuma an faɗe shi daidai.