Fiffiken Hagu na Hankaka

A gidan adana kayan tarihi, can ɗakin baya da ke kusa da famfo, akwai wani mutum da kowa ke kira Likita, alhali ko allurar zazzaɓi bai taɓa yi wa wani ba. Cikakken laƙabinsa Likitan Mushe ne, masu gadi suka raɗa masa. Aikinsa shi ne ya feɗe tsuntsun da ya mutu, ya gyara fatar da gashinta, ya naɗa sabuwar gangar jiki da busasshiyar ciyawa da zare, ya sa mata fatar, ya tsayar da tsuntsu a kan reshe kamar yanzu zai tashi. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, hannunsa kullum warin hodar da ke hana ƙwari cin fata yake yi.

Inda ya fi kowa shi ne wajen fiffike. Waya ake fiƙe wa baki, a zura ta gefen ƙashin fiffiken har ƙarshe, a ɗaure su tare da zare, sannan a soka ɗaya bakin cikin gangar ciyawar ya ɓullo ta can gefe, a lanƙwasa shi da filaya a mayar ciki. In wayar ta kauce ko da faɗin farce ne, sai kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Likita ya sha kwance aikin kwana uku a kan wannan. In ka yaba masa sai ya ce, "Dubi dama, dubi hagu. Ka ga bambanci?" Wallahi ba za ka gani ba.

Sai dai mutum ne mai riƙo, na bugawa a jarida. Ƙanwarsa ɗaya ce a duniya, Auta, wadda shi ya goya ta bayan rasuwar uwarsu. Ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai barkwanci da bakinsa ba ya shiru. Wata rana ana cin abinci cikin mutane, mai agogo ya ce, "Yaya, an dai wanke hannun nan ko? Kada mu ci da mujiya." Aka kwashe da dariya, har da Auta. Likita ya tsame hannu, ya sa takalmi, ya fita. Shekara goma sha bakwai bai sake taka gidan ba. A kan wasa fa, jama'a! Sau biyu mai agogo yana zuwa ba da haƙuri, Likita yana cewa ai ba komai, irin "ba komai" ɗin nan da gara a zage ka. Ko da mutumin ya rasu, a bakin ƙofa ya tsaya ya yi gaisuwa ya juya.

Bayan wata biyu da rasuwar, da hantsi, sai ga Auta a ɗakin baya, ta rame, riƙe da wani abu cikin tawul. Ta kwance a kan tebur. Hankaka ne, ya sandare.

"Na mai gidan ne," ta ce. "A bakin titi ya tsince shi, mota ta buge shi. A kan bencin aikinsa yake wuni. Tun da mai gidan ya rasu tsuntsun ya ƙi cin abin kirki, jiya na tarar da shi a ƙasa." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka tsayar min da shi, Yaya. Kamar yadda yake."

Rabon da ta roƙe shi wani abu har ya manta. Zuciyarsa ta karye, ya ji kunya, ya ji daɗi, duk a lokaci guda. Abin da bakinsa ya kasa faɗa cikin shekarun nan, ya ƙudura hannunsa zai faɗa. In hankakan nan ya yi kyau, shi da kansa zai kai mata har ɗaki, ya zauna, ya sha ruwan gidan.

Da ya feɗe fiffiken hagu sai ya ci karo da wani ƙulli a ƙashi, tsohuwar karaya ce da ta ɗore a karkace. Ya yi tsaki. Kafin ya yi wani tunani filaya ta riga ta datse ƙashin, kamar yadda ya saba yi wa tsuntsayen da ake kawo masa. Ya jefa guntun a kwandon shara, ya naɗe waya da auduga daidai kaurin ƙashi, ya zura, ya soka, ya lanƙwasa. Ya auna dama, ya auna hagu. Ya jera gashin ɗaya bayan ɗaya, ya danne da yankan kwali da fil don ya bushe a haka. A ransa cewa yake Auta ba za ta zauna tana kallon nakasasshen tsuntsu ba, baƙin cikin da take ciki ya ishe ta.

Sati uku fatar ta bushe. Bai samu ya kai mata ba, ita ta gaji da jira ta zo. Ya cire ƙyallen da ya rufe shi yana murmushi. Hankaka ya tsaya cas, farin ƙirji a gaba, fukafukai a haɗe kamar an guga.

Auta ta daɗe tana kallo. Ta zagaya ta hagu, ta sunkuya.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali. "Na waye?"

"Naki ne mana."

"A'a, Yaya. Nawa fiffikensa na hagu jan ƙasa yake yi. Da shi yake sharo ƙananan kusoshin agogo daga kan benci, mai gidan ya durƙusa yana tsinta yana yi masa masifa. Shi nake son gani."

Likita ya yi saurin cewa, "Zan gyara. A jiƙa fatar, a lanƙwasa wayar, shi ke nan. Nuna min iya inda yake sauka."

Ta ɗago ta dube shi, ba da fushi ba, da ma fushin ne da sauƙi.

"Shekara tara yana gidana, Yaya. Duk mai kawo gyaran agogo ya san inda yake sauka. Mai kawo mana ruwa ma ya sani."

Ta ce ya gaida mutan gida, ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ta fita ba ta ɗauki tsuntsun ba.

Likita ya zauna. Can ya jawo hankakan, ya kama kafaɗar hagu da filaya, bai ma tsaya jiƙa fatar ba. Ya danna ƙasa kaɗan, ya ja baya ya duba. Ya ƙara kaɗan. Hawaye suka hana shi gani sosai, ya goge da bayan hannu ya ƙara dannawa, don bai san inda zai tsaya ba. Yana cikin haka busasshiyar fatar ta tsage a hammata, audugar ta leƙo.