Yadda Na Goge Muryar Innata Da Hannuna

A 'yan shekarun baya ina da ɗan shagon buga takardu a Jibiya, kusa da inda manyan motoci ke jerin gwano kafin su tsallaka zuwa Maraɗi. Jarina duka wata 'yar ƙaramar kwamfutar tebur ce da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya, sai firinta guda. Direbobi da 'yan kasuwar hatsi ne masu kawo mini aiki. Suna kirana injiniya don zolaya, ni kuwa na ɗauki abin da gaske, har kaina ya kumbura.

Wata ranar kasuwa kawuna ya zo daga Gangara, ya kwance bakin rawaninsa ya ciro memorin waya. Wayarsa ta faɗa ruwa, memorin ne kaɗai ya tsira. A ciki akwai saƙonnin muryar yayarsa, wato innata, 'yar'uwar mahaifiyata, wadda ta yi aure a Maraɗi. Lokacin da aka rufe boda ta kwanta rashin lafiya, ta riƙa aiko masa da murya tana tsokanarsa, tana ba shi labarin yarintarsu. Ta rasu bai samu ganinta ba, ko jana'izarta bai je ba. Ya ce in ajiye masa amana har ya yi wata wayar. Na kwafe komai cikin kwamfutar, na jefa memorin a aljihun tebur, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wurin injiniya ya zo.

A makon nan ne na ci karo da wata sabuwar manhaja a intanet, irin babbar nan da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Masu ita sun rubuta ƙarara cewa ta gwaji ce, kada a sa ta a na'urar da ake aiki da ita. Na karanta da idona, na taɓe baki na ce da ragwaye suke. Ana bukatar filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, don ɗora ta, tawa kuma wani direba ya ara ya wuce Nijar da ita. Maimakon in jira, sai na tuna da memorin Kawu. Na ce ai abin da ke ciki yana kwamfuta, me zai faru? Na share shi tas, na zuba manhajar a kai. Ana cikin ɗorawa ta jefo mini wata tambaya da dogon Turanci, ni kuma hankalina na kan wani mai buhunan gero da ke ta azalzalata. Na danna amincewa ban karanta ba. Ashe tambayata take ko ta share duk abin da ke cikin kwamfutar.

To da a ce abin da na samu ya yi amfani, da sauƙi. Wallahi takaici har yau bai bar ni ba! Manhajar ta tashi da wani allo kore shar mai kyau, shi ke nan iyakar iyawarta. Firinta ta ce ba ta san ta ba. Sauti babu. In na taɓa linzamin kwamfutar sai kibiyar kan allo ta yi tafiyarta inda ta ga dama. Kwana huɗu masu takardu suna zuwa ina ba su haƙuri, suna komawa shagon da ke gabana. Na rubuta wa masu manhajar ina neman ceto, wani ya amsa cikin ladabi cewa ai sun yi gargaɗi, kuma suna godiya da na taya su gwaji. Godiya! Na ɗauki kwamfutar da memorin na kai su Katsina wurin wani gwani, ya yini yana bincike, ya ce sabon abu ya riga ya hau kan tsohon, ba abin da zai dawo. Na buga wa 'ya'yan Inna a Maraɗi, suka ce ƙaraminsu ya gaji wayarta, ya daɗe da share ta.

Mako uku ina yi wa Kawu hanya-hanya, yau in ce babu wuta, gobe in ce na'ura na hutawa. Ranar da ya zo da sabuwar wayarsa a leda yana murmushi, ƙarya ta ƙare mini. Na faɗa masa gaskiya ina kallon ƙasa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na ji sanyi. Sai kawai ya tambaye ni ko memorin na nan. Na ce yana nan amma babu komai nasa a ciki. Ya ce duk da haka in ba shi. Ya ƙulle shi a bakin rawaninsa yadda ya kawo shi, ya yi mini sai an jima.

Na mayar da tsohuwar manhajata, aiki ya dawo, amma na daina amsa sunan injiniya. Abin da na koya shi ne ɗan sani ya fi jahilci ɓarna, domin jahili yana jin tsoro ya tambaya. Ina roƙon masu rawar kai irina, in za ku yi gwaji ku yi da kayanku, ku karanta kafin ku danna, amanar wani kuwa ko taɓa ta kada ku yi. Kawu bai taɓa tayar da maganar ba. Amma duk ranar kasuwa in ya zauna a bencina, ina ganin ƙullin nan a bakin rawaninsa.