Jar Laka a Kafaɗar Riga

Duk sanda hadari ya haɗo ta gabas, sai in tsinci kaina ina kasa kunne ko zan ji ƙararrawar keke. A unguwar Bacirawa ta Kano nake zaune yanzu, wurin ɗana, inda ba a jin komai sai ƙugin babura, amma kunnen nan nawa ya ƙi ya daddara.

Mai keken shi ne mijina, Allah ya jiƙansa. Lokacin da yake nemana, malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Bagwai, mu kuma gidanmu yana cikin gonaki a yankin Ɗambatta. Ni dai ina sonsa, har Inna ta gaji da yi mini tsiya. Baba ne ya ƙi sakin fuska, domin ya tsani masu keke, kuma yana da hujjarsa. Hanyar gidanmu 'yar siririya ce, ta ratsa wani kwari a gefen gonarsa. Ƙasarmu rairayi ce, in an yi ruwa sai ta kwanta ta yi daɗin tuƙi, amma kwarin nan jar laka ce mai cafke taya. Duk mai keken da ya iso wurin sai ya kauce, ya bi ta kan geron Baba yana ɗan tsiro. Baba kan tsaya a kan sawun taya yana huci, ya ce shi kam bai ga mai keken da zai ba 'yarsa ba.

Ranar da ya yarda a turo masa Malam ya gan shi, wuni aka yi ana tsuga ruwa, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Ina ta leƙe ta danga. In ya ƙi zuwa, Baba zai ce an raina shi. In kuma ya zo, ta ina zai bi?

Can sai ga shi. Wallahi kamar in fashe da kuka don haushi. Mutum zai zo gaida suruki, amma takalmi a rataye a kan keke, laka har gwiwa, farar rigarsa ta yi jawur daga kafaɗa zuwa baya! Baba ya amsa gaisuwa a daƙile, ya ɗauki sandarsa ya fice, ya bar baƙo a zaure yana ɗigar ruwa. Na san inda ya nufa. Na zauna kusa da murhu na kasa ko iza wuta.

Da ya dawo, sai ya leƙo cikin gida ya ce mini, “Ke, kai wa yaron nan ruwa ya wanke ƙafa.” Ya juya wajen Inna ya ce, “Babu sawun taya a gonata. A cikin lakar ma babu, sai sawun ƙafa, ya lotsa sosai. Saɓa keken ya yi a kafaɗa.” Sannan ya ƙara da cewa, “Wannan ya san wahalar shuka.”

Da kaka aka ɗaura mana aure.

Damunan da suka biyo baya su ne nake kewa har yau. In ruwa ya ɗauke, sai ya rage wa tayoyi iska kaɗan don su kama ƙasa, ya shimfiɗa mini tsohon buhu a kan kariyar bayan keken, mu tafi gaida su Inna. Ƙamshin ƙasa, kukan kwaɗi, gero yana shafar ƙafata dama da hagu. Ba ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba, kuma in ana walƙiya ba ya fakewa a gindin bishiya, sai dai mu roƙi zauren wani. In mun fito daga kududdufi, yakan ɗan matsa birki yana tuƙi har ya bushe, ni kuwa ina ta mitar yana ja mana lokaci. Da mun iso kwari, in sauka, shi kuma ya ɗaga keken.

“Malam, kai kake hawan keken nan ko shi yake hawanka?”

“Ranar ruwa tasa ce, sauran nawa ne,” in ji shi, yana dariya.

Na sha yi masa faɗa a kan wanki, har in ce sabulun garin nan duk a kafaɗarsa yake ƙarewa. Rigar ranar farko kuwa, na wanke ta ina amarya har hannuna ya yi zafi, amma jan ya ƙi fita.

Kwanan baya matar ɗana tana gyara mini akwati ta ci karo da rigar. Ta ɗaga ta, ta duba kafaɗar, ta ce, “Inna, a yi tsumma da wannan mana, ai lakar nan ba za ta taɓa fita ba.”

Na karɓe abata na ninke. Na ce mata na sani, shi ya sa na ajiye ta.