Shukri da Sandunan Mitwalli

Ƙanena Shukri kafintan jiragen masunta ne a Anfushi, unguwarmu ta bakin teku, tun bai kai tsayin zarto ba har ranar da bayansa ya ce ya gaji. In ka miƙa masa katako zai gaya maka inda zai tsage baɗi. In ka nuna masa mutum kuwa, haƙoransa kawai yake dubawa, in suna waje to mutumin kirki ne. Ni na goya shi, na san abin da nake faɗa.

Da matarsa Ni'imat ta rasu, ɗansu ya tafi aiki Kuwait, sai ya dawo gidan babanmu, ina ƙasa yana sama. Abu biyu suka rage masa a duniya. Na farko tattabarunsa, da ya gina wa akurkin katako a saman soro, ɗaki guda mai kyau wanda ya fi nawa iska. Duk la'asar yakan sake su, su yi ta kewaya unguwa har bakin teku, shi kuma yana tsaye baki buɗe kamar an aiko masa da albishir. Na biyu sinuka, wasan nan da ƙarti ke tsokanar ƙwallaye da sanda a kan koren tebur. A shagon Mitwalli yake bugawa, abokinsa tun suna satar kifi a kwandon mutane.

Mitwalli ma yana kiwon tattabaru, soronsa na kallon namu, gida uku tsakani. Nasa dai tarkace ne, masu ƙiba da lalaci irin maigidansu. Ya daɗe yana roƙon Shukri ya sayar masa da ko biyu, Shukri yana dariya yana cewa ba a sayar da 'ya'ya.

Bayan ƙaramar Salla Mitwalli ya zo gidanmu da kifi soyayye a takarda, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaishe ni har da tambayar gwiwata. Suna ci yana kukan sandunan shagonsa: laimar teku ta karkatar da su, kawunansu sun zube, mai gyara sai an aika Alƙahira, ya riƙe wata da watanni ya dawo da su a gurguje. Ya ce ga gwanin katako zaune yana ƙirga gashin tsuntsu, alhali shagunan sinuka daga nan har unguwar Manshiyya suna neman mai gyara ido rufe. Shi Mitwalli zai fara ba Shukri nasa duka, sannan ya kai shi wurin sauran masu shaguna da hannunsa.

Na ga idon Shukri ya kawo haske. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya ɗauki guduma, zaman banza ciwo ne a gare shi. Shukri ya ce ai ba shi da wurin aiki. Mitwalli ya ɗaga kai ya dubi rufi.

“Ga ɗakin tattabarunka a sama busasshe kamar burodin jiya, kai tsohon banza. Kawo tsuntsayen wajena ajiya. Soron nawa naka ne, ka zo duk sanda ka so.”

Na ce daga bakin murhu, “Mu'allim Mitwalli, ajiyar har yaushe?”

“Haba Maman Adil, tsakanina da Shukri akwai yaushe?”

Suka haɗa hannu suka karanta Fatiha. A unguwarmu in maza biyu da suka ci abinci a akushi ɗaya sun karanta Fatiha a kan magana, ta zauna, wanda ya ƙara tambaya ya yi zagi. Na koma kan tukunyata.

Wanda bai san tattabara ba zai ce ɗauka ne kawai a kai wani gida. Ba haka ba ne. Ko ka saye ta ko ka sace ta, ranar da ka sake ta gidan ubangidanta za ta koma. Ba mai iya zaunar da ita a sabon soro sai wanda ta san muryarsa. Don haka Shukri da kansa ya ɗaure musu fukafukai da zare, ya kwashe su a keji ya haura da su soron Mitwalli. Kullum la'asar yana can yana watsa musu dawa da hannunsa, yana yi musu fito irin nasa, Mitwalli na gefe yana kwaikwayo har ya iya. Da aka kwance zaren, kaɗan daga cikinsu suka dawo gida, suka tarar an toshe ƙofofinsu. Akwai wata ja mai farin wuya da ta fi naci, ta kwana tana zagaya bango. Shukri ya kore ta da tawul, yana kora yana ba ta haƙuri. Ya sauko ranar bai ci komai ba.

Sai ya duƙufa a kan ɗakin. Ya kankare kashin tsuntsu, ya wanke da ruwan zafi, ya shafe da farar ƙasa, don ya ce ƙurar gashi ko ɗaya in ta hau man sheƙi ta ɓata sanda. Ya buɗe taga babba ta gabas saboda haske. Ya karɓi tsohon keken ɗinkina da sunan aro, ya cire injin ya haɗa da wasu ƙarafa, ya zama abin da ke juya sanda yana bin ta da sanfefa. Ya samo falalen marmara daga wani gidan da ake rushewa, a kansa yake gangara sanda, in ta yi ɗingishi ya san inda ta karkace. Ya jera gam da reza da ƙananan fatu masu kauri da ake manna wa sanda a kai, kowanne da gwangwaninsa. Karkatattun kuwa sai ya turara su a kan tukunya, ya rataye su a rufi, ya ɗaura wa kowace dalmar masunta a gindi, ya ce a bar su su huce fushinsu, katako ba ya son gaggawa. In ka shiga sai ka ga kamar kifi aka shanya.

Mitwalli ya aiko da sandunan shagonsa duka a buhu. Zancen kai shi wurin sauran masu shaguna kuwa, kullum sai jibi.

Wata safiya na fita sayen wake da burodi, na ga babbar mota a ƙofar shagon Mitwalli, ƙarti suna fito da teburan gunduwa-gunduwa. Na tsaya na tambayi direban, ni ba na jin kunyar tambaya. Ya ce wani mutumin garin Damanhur ne ya saye su tun kafin azumi, wurin ajiya ne bai samu ba sai yanzu, shagon kuma an ba masu sayar da waya. Na sake tambayarsa, kafin azumi ko bayan Salla? Ya ce Hajiya, ai shi direban ne ya kawo mai sayen da kansa, ana saura kwanaki a ga watan azumi.

Na hau saman da gwiwar nan tawa. Na tarar da shi yana yanke bakin fata da reza, harshe a waje kamar yaro. Na gaya masa yadda na ji, ban rage ba ban ƙara ba. Bai ɗago ba. Ya ce direbobi ba su da aiki sai ƙarya, ni kuma tun muna yara ba na ƙaunar Mitwalli. Na ce gaskiya ne ba na ƙaunarsa, amma ba ƙiyayyata ce ta loda tebur a mota ba.

Ya gama aikinsa tsaf, ya goge sandunan har kana ganin fuskarka, ya naɗe su a tsohon bargo ya saɓa a kafaɗa. Na bi shi, don na san in an bar shi shi kaɗai zai dawo yana ba da haƙuri a madadin wanda ya cuce shi.

Mitwalli ya karɓe mu a ƙofar gida, bai ce mu shiga ba. Ya yaba aikin, ya ce hannun Shukri zinariya ne. Ya ce kasuwa ce ta juya, yaran yanzu waya suke latsawa, wa ya san haka za ta faru.

Shukri ya ce, “Ranar da muka karanta Fatiha, ka riga ka sayar?”

“Magana ce dai ake yi lokacin, ɗan'uwa, ba ta nuna ba.”

“To ba ni tsuntsayena.”

Mitwalli ya sosa ƙeya. Ya ce shi ba ya hana kowa kayansa, amma Shukri ya fi kowa sanin ƙa'ida: tsuntsun da ya zauna a soro har ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, na wannan soron ne. Ko an mayar, nan za su dawo. Kuma ina zai sa su, a cikin gam?

Abin da ya fi ƙona ni, gaskiya ya faɗa. Shukri ya kai ƙara wurin dattawan masu tattabaru a gidan shayin bakin masallaci, suka saurare shi, suka girgiza kai, suka ce Mitwalli bai kyauta ba, amma wa ya ɗaure fukafukan? Wa ya yi fiton? Wa ya kore su da suka dawo? Ɗaya ya ce tunda yake bai taɓa jin wanda ya zaunar da tsuntsunsa a soron wani ba sannan ya zo neman shari'a. Suka saya masa shayi, ya bar shi a kan tebur.

Duk da haka bai rufe ɗakin ba. Ya riƙa yawo da ƙafa shago-shago har Manshiyya, da bayan nan nasa, yana cewa shi mai gyaran sanda ne. Wasu suka ba shi ɗaya su gwada, wasu suka ce ai sabuwa ta fi arha. Aiki yana zuwa jefi-jefi, wanda bai isa ya hana mutum tunani ba.

Wata la'asar na kai masa shayi sama. Yana tsaye a tagar gabas, bai ji shigowata ba. Tattabarun suna sama suna kewayawa, jar nan a gaba. A soron can Mitwalli ne tsaye da tumbinsa, yana fito irin na Shukri, yana kaɗa musu tuta. Na ƙura ido, don idona bai mutu ba tukuna. Sandar tutar tana walƙiya a rana. Ɗaya ce daga cikin waɗanda Shukri ya turara ya rataye ya goge, an ɗaura mata tsumman riga a kai, daidai inda ya manna fatar.

Na buɗe baki zan yi abin da na iya, in tara wa Mitwalli unguwa. Shukri ya riƙe hannuna.

“Bari, Yaya. Miƙaƙƙiya ce, ta fi gora daɗin kaɗawa.”

Washegari na ji guduma a sama. Ya rufe tagar da katako, ruf, ko zare ba zai wuce ba. Yanzu da fitila yake aiki da rana tsaka, idonsa na ruwa, kuma ya hana ni magana a kai. Da an kira la'asar sai ya kulle ɗakin ya sauko wurina, ya zauna kusa da rediyo ya ƙure murya, ko labarin farashin auduga ake yi. Ni da ba na son hayaniya na bar shi, har sai an kira magariba tsuntsaye sun shiga.