Sunan Baba a Shafin Ƙarshe

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, ina kuma haɗa kundin kammala karatuna a kwaleji. Na zaɓi yin rubutu kan yadda ake adana albasa a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta ratsa. Duk abin da na rubuta daga bakin Babana na ji shi. Tun ba a haife ni ba yake noman albasa a gefen Aliero. Na yi masa alkawarin sunansa zai shiga littafi.

Malamin da ke duba min kundin ya ja jan biro a kan sunan. "Hirar gindin bishiya ce wannan. Kawo min abin da aka buga."

Na sha yawo kamar kuɗin guzuri. Daga ƙarshe, wajen wani mai sayar da tsofaffin jaridu a kasuwar Jega, na tsinci wani shafin jarida da ya yi bayani kan adana albasa a rudu. Wallahi maganar Baba ce tsaf, har da faɗarsa cewa albasar da aka shayar gab da cira ba ta kai damina. Na tuna ɗan jaridar. Ya zo gonarmu, ya sha furarmu har ya nemi ƙari. Amma a rubutun "wani manomi" kawai ya ce, shi kansa ma bai sa nasa sunan ba.

Malam ya gani ya washe baki. "Yawwa, ga hujja!" Ya koya min ƙa'ida: tunda babu marubuci, in rubuta "Ba a san marubuci ba", sai taken labarin, sai sunan jarida da kwanan wata. Na ce, "Malam, ai na san mai maganar, ubana ne." Ya ce ƙa'ida ba ta san ubana ba. Tir! Ina son takardar shaidata, na goge sunan Baba.

Ranar da na kai kundin gida, Baba ya share hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ba ya karanta boko.

"To, gwada mani inda sunan nawa yake."

Na buɗe shafin ƙarshe, na ɗora yatsa a kan layin nan na "Ba a san marubuci ba". Ya shafa shi a hankali, ya ce, "Ashe haka yake da tsawo ga boko." Ya kira maƙwabta su zo su gani.

Har ya rasu ban faɗa masa ba.