Tunkiya Ɗaya ta Baba

Lahadin farko bayan Ista, shekarar da na shiga aji huɗu, na doki bakin garmar da ke rataye a bishiyar cocinmu har tafina ya yi bororo, amma mutum ɗaya tak ta zo. Iya Saratu ce, tsohuwar da ko igwa aka harba a bayanta ba za ta waiwaya ba, saboda kurma ce. Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Tozai, Baba kuwa shi ne mai bishara. A da muna cika benci shida, sai aka yi wa malaman makaranta canjin wurin aiki, masu shaguna suka koma Sakkwato da 'ya'yansu, abokan wasana duka.

Daga ranar nan na zama babban mutum. Ni ne ƙungiyar mawaƙa, ni ne matasa, ni ne mai shara, in Inna na fama da zazzaɓi har zumuntar mata ni ne. Baba zai yi wa'azi yana gumi kamar filin ƙwallo ne ya cika a gabansa, alhali daga ni sai Inna sai Iya sai ƙadangarun da ke gyaɗa kai a jikin katanga, waɗanda na tabbata sun fi ni sauraro. Ta taga ina hango yara bisa jakuna za su kasuwar Bafarawa. Da yamma mukan yi langa tare, ba wanda ya taɓa korata, amma da an kira salla sai fili ya watse, a bar ni tsaye da ƙafa ɗaya a hannu. Sai in tafi gindin kanya in yi ta hira da awakinmu.

Da damina ta faɗi, wani Rabaran ya zo daga Sakkwato bisa babur, ya ce an samar wa Baba ikkilisiya a birni. Kafin ya sha ruwa na riga na ɗaure kayana a zane. Da Rabaran ya ga Baba na ja da baya, sai ya ce, "Malam, tsohuwar nan ko wa'azinka ba ta ji." Baba ya daɗe yana murza ƙasa da yatsan ƙafa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, Ubangiji bai ce wa Bitrus ya ƙirga tumaki ba, cewa ya yi ya kiwata su. Za ni zamna." Kukan da na yi ranar, da a gona na yi shi, da mun ci gero biyu.

Haka muka zauna. Baba ya yi wa Iya noma, ya yaɓe mata ɗaki, ni kuma ina kai tuwo. Ranar da ta rasu, gemu ya fara tsiro mini. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka kama mana haƙan kabari, don hannuwanmu huɗu ne kawai.

Yau ni dattijon ikkilisiya ne a Sakkwato, da tumbi kamar randa. Bara sai da muka kusa ba hammata iska a kan wanda zai zauna kusa da bagadi. Ƙauyen kuwa 'yan bindiga sun hana mu ko leƙa kabarin Baba, wanda ya ƙi tashi har bayan rasuwar Iya. Na daɗe ina jin haushin ƙuruciyar da aka cinye mini saboda mutum ɗaya. Yanzu da tsufa ke leƙowa, wanda zai zauna domina nake nema.